Yadda ake kiwon ƙaramin kare ɗan ruwa biyu na Shefad da Sifaniyel a karkarar Kano da Jigawa

Cikin karnukan da ake kawowa daga birni zuwa gidajen gona da ƙauyukanmu akwai wani ɗan madaidaici, mai yalwar gashi, kunnuwansa a zube, idonsa kullum a kan mai shi. Ɗaya daga iyayensa karen kiwo ne, irin wanda masu sayarwa ke kira Shefad, ɗayan kuma Sifaniyel. Kare ne mai kaifin kai da son mutane, amma jikinsa ba na ranar Gumel ko ta Maigatari ba ne. Karenmu na gida zai ci abin da ya samu, ya sha a kududdufi, ya kwanta gindin danga, ya yi shekarunsa lafiya ƙalau. Wannan kuwa idan ka sake shi haka, zafi da kaska da ciwon kunne za su taru a kansa tun bai yi maka aikin komai ba. Wanda ya san ba zai iya ba shi ɗan lokaci kullum ba, shawarata ya riƙe karen gida, ya fi masa sauƙi kuma ya fi adalci ga dabbar. Wanda kuma ya shirya, ga yadda za a bi.

Mataki na farko: san jinin da ke jikinsa

Karen kiwon da aka fi sani a Najeriya shi ne na Jamus, wanda ake kira Alseshan. Wani tsohon hafsan soja, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, kuma asalin aikinsa tsaron tumaki da kora su. Nauyinsa kan kai kilo 22 zuwa 40. Akwai ƙananan karnukan kiwo irin su Shelti, wanda ya fito daga tsibiran Shetland a arewacin Sikotilan, ƙasar sanyi da iska. Shi kuma Sifaniyel, musamman ƙaramin da ake kira Koka mai nauyin kilo 12 zuwa 15, a Ingila aka raine shi don ya kutsa cikin sarƙaƙiya ya tayar wa maharbi tsuntsu, ya kuma ɗauko masa wanda ya harbo, ko da a ruwa ya faɗa.

Waɗannan ayyuka biyu suna nan a jinin kwikwiyonka ko ka so ko ba ka so. Daga ɓangaren kiwo ya gaji sa ido, saurin gane umarni, haushi idan ya ga baƙo, da son kewaye duk abin da ke gudu yana kai masa cizo a dunduniya, akuya ce ko yaro. Daga ɓangaren Sifaniyel ya gaji hanci, son ruwa, son ɗauko abu a baki, taushin zuciya, da kwaɗayin bin duk mai fiffike. Girmansa yakan tsaya tsakanin na iyayensa, kuma ko a ciki ɗaya za ka ga wani ya ɗebo uwa wani ya ɗebo uba. Idan ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 14.

Kada ka saye shi da nufin ya yaga ɓarawo, ba aikinsa ba ne. Aikinsa ya ji motsi tun daga nesa ya tashe ka, ya taya yara tattara awaki da yamma, ya raka ka gona. A ganina wannan ya fi amfani a gidan da ke da ƙananan yara fiye da karen da kowa ke tsoro har masu gidan.

Malamanmu sun yi bayani cewa an yarda a riƙe kare don tsaron dabbobi, ko shuka, ko farauta, kuma idan ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Saboda haka tun farko ka tsayar da aikin da zai yi maka, ka ware masa kwanonsa da wurin kwanansa nesa da ɗakuna da wurin salla da madafa. Wanda kuma ya ɗaure dabba, cinta da shanta da inuwarta suna wuyansa.

Mataki na biyu: zaɓen kwikwiyo

Kada ka karɓi kwikwiyon da bai cika mako 8 ba. Wanda aka raba da uwarsa da wuri yakan tashi da tsoro, ko cizo ba ji ba gani, domin a wajen wasa da 'yan'uwansa yake koyon sassauta haƙori. Ka nemi ganin uwar da idonka. Idan tana ɓuya tana karkarwa, ko tana kai hari ba dalili, 'ya'yanta ba za su rasa wani abu na halinta ba. Ka dubi tafiyarta ta baya, domin karnukan Jamus suna da gadon ciwon ƙugu. Ka kuma tambayi irin karen kiwon da ke cikin jininsa, ka riƙe amsar da kyau, za ta yi maka amfani idan an zo maganar magani.

Shi kwikwiyon, ɗaga leɓensa ka ga dasashi. Ja-ja mai haske ake so, fari fat alamar ƙarancin jini ce. Ido ba kwantsa, hanci ba majina, ƙarƙashin wutsiya ba alamar zawo. Ƙaton ciki a kan siraran ƙafafu tsutsa ce. Ɗaga kunne ka sansana, bai kamata ya yi wari ba. Sai ka tsuguna ka tafa hannu a hankali. Wanda ya zo yana kaɗa jela ya shinshine ka, shi ne naka. Wanda ya maƙale a lungu, da wanda ke hawa kan kowa yana gurnani, bar su ga wanda ya ƙware.

Mataki na uku: gyara masa wuri kafin ya iso

Inuwa ce kan gaba. Gindin darbejiya ko mangwaro ya fi ko'ina, ko rumfar zana mai tsayi wadda iska ke ratsawa. Kejin kwano a tsakar rana a watan Afrilu kashe kare yake yi. Idan dole sai rufin kwano, a shimfiɗa kara ko ciyawa a samansa, a bar gefe biyu a buɗe da waya. Ƙasan ya ɗan yi tudu kada ruwan damina ya kwanta, a daɓe shi ko a sa siminti don ya yi sauƙin shara. A yi masa ɗan gado na katako a shimfiɗa buhu, wanda za a riƙa shanyawa a rana.

Idan bangon ƙasa ne kusa, a yaɓe duk tsagar da ke jikinsa. Kaskar kare idan ta ƙoshi saukowa take yi ta hau bango ta shige tsaga ta zuba ƙwai, shi ya sa za ka wanke kare tas yau, bayan mako ka same shi cike kamar ba a taɓa shi ba.

Kwanon ruwa ya zama mai nauyi, kasko ko kwatarniya ta ƙasa ta fi roba domin tana riƙe sanyi. Na abinci kuma ya zama mai ɗan zurfi da ƙaramin baki, yadda kunnuwansa za su zuba waje maimakon su riƙa jan abinci suna kiran ƙuda.

Mataki na huɗu: allura da maganin tsutsa

Wannan ba ya jiran sai an sayar da amfanin gona. Allurar farko ana yin ta yana mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Ita ce ke kare shi daga cututtuka da dama, mafi muninsu fabo, wadda ke zuwa da amai da zawon jini mai ƙarni, ta kuma kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa watanni, don haka kafin ya gama allurarsa kada ya taka kasuwa, mahauta, ko inda karnukan gari ke taruwa. Idan an taɓa yin kwikwiyon da ya mutu da zawon jini a gidan, a gaya wa likita kafin a kawo sabo.

Allurar haukan kare ana yin ta yana wata 3, sannan a sabunta kowace shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ta samo asali tun 1924, tana cikin masu haɗa wannan allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare ne. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma a irin lokacin yana da kyau ka tambayi ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku ko akwai gangamin allura. A cikin Kano akwai asibitin dabbobi na Gwale, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya idan abu ya yi tsanani.

Abu ɗaya ka sa wa ido: allurar riga-kafi sanyi take so. Idan mai allura ya ciro kwalbar daga aljihu ko daga jakar da ta wuni a bayan babur, kuɗinka kawai za ka zubar. Ka ga an ciro ta daga kula mai ƙanƙara, a kuma rubuta maka kati da kwanan wata.

Maganin tsutsar ciki ana fara shi tun yana mako 2, duk bayan mako biyu har mako 8, sannan wata-wata har ya kai wata 6, daga nan duk bayan wata 3. Da nauyinsa ake auna magani, sai ka ɗauke shi ka hau sikelin masu hatsi, ka sauke shi ka sake hawa, ka cire bambancin. Wasu tsutsotsin kare suna kama yara ta hanyar ƙasar da suke wasa da ita, don haka a kwashe kashinsa kullum a binne, yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi.

Yanzu ga inda amsar nan ta mataki na biyu za ta yi aiki. Ibamektin, wanda makiyaya suka fi sani da Ivomec, magani ne mai kyau ga shanu da tumaki, kuma kusan kowane mai garke yana da kwalbarsa. Amma a 2001 masu bincike a jami'ar jihar Washinton ta Amurka sun gano wata tawaya ta gado a karnukan kiwo irin su Koli da Shelti, ana kuma samunta jefi-jefi a na Jamus, wadda ke barin maganin ya ratsa ƙwaƙwalwa. Karen da ke da ita, idan aka yi masa allurar da aka saba yi don ƙazuwa, sai ya fara tangaɗi da dalalar miyau, ganinsa ya ɗauke, ya suma, wani ba ya tashi. Ba a gane mai tawayar da ido. Don haka kada ka bari a yi masa ragowar allurar tumaki, kuma duk likitan da zai duba shi ka fara gaya masa cewa akwai jinin karen kiwo a jikinsa. Haka parasitamol, ibufurofen da dikulofenak na mutane, kada a ba shi ko rabin ƙwaya.

Mataki na biyar: abinci da ruwa

Kwikwiyo sau huɗu yake ci a rana har wata 3, sau uku har wata 6, daga nan sau biyu, safe da yamma. Tuwo zalla ko ƙanzo ba zai gina shi ba. Abin da nake ba da shawara, kashi biyu na tuwon masara, gero, dawa ko shinkafa, kashi ɗaya na abin gina jiki: dafaffen ƙwai, kayan ciki da tarkacen nama daga mahauta, dafaffen waken suya, ko garin busasshen kifi, wanda mutanen Haɗeja da kewaye ba sa wahalar samu. A ƙara ɗan kabewa, karas ko dankali, da ɗigon mai. Ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka lilis, a barbaɗa kaɗan, yana taimakon ƙashi. Kindirmo kaɗan ba laifi, amma ɗanyar madara da yawa zawo take sa shi.

A cire masa nasa kafin a zuba miya. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare a hankali, ga barkono da gishiri da suka yi masa yawa. Goro, cakulan da inabi duk guba ne a gare shi. Dafaffen ƙashin kaza tsagewa yake ya soki hanji. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna, wadda aka ce ai a ba kare, tana lalata masa hanta.

Lokacin layya da ranakun yanka a kula sosai. Huhu ko hantar da ka ga ƙulli mai ruwa a ciki, da kan tunkiyar da ta yi ta juyi kafin ta mutu, kada a jefa masa ɗanye. Ta nan tsutsa ke shiga cikinsa, ta fita a kashinsa, ta koma kan ciyawar da dabbobinka za su ci, wata ma har ta kama mutum. A dafa kayan ciki sosai, mai ƙulli kuma a binne da zurfi. Mushe ma haka.

Jinin Sifaniyel akwai kwaɗayi, kuma gashi yana ɓoye ƙiba kamar yadda yake ɓoye rama. Shafa gefensa da tafin hannu: ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba, amma kada su tsaya ƙiri-ƙiri. Ruwa kuwa, kare mai kilo 15 yana shan kusan lita ɗaya a rana, da bazara fiye da haka nesa. A canja masa safe da yamma, kada kaskon ya taɓa bushewa.

Mataki na shida: kunne da gashi

A nan mafi yawan masu irin wannan kare ke sakaci, kuma a nan ya fi shan wahala. Kunnen da ya zubo ya rufe rami ba ya samun iska. Ga zafi, ga danshi idan ya faɗa fadama ko hanyar ruwan noman rani irin ta Kadawa da Kura, sai ciki ya fara ruɓa. Ka tsayar da rana ɗaya a mako, misali ranar da ba ka zuwa kasuwa, ka zaunar da shi tsakanin ƙafafunka, ka ɗaga kunnen ka kifa shi a bayan kansa. Lafiyayyen kunne cikinsa fes yake, launinsa ja-ja mara ƙarfi, ba wari. Idan akwai datti, ka zuba ruwan wankin kunne na wajen likitan dabbobi, ka murza gindin kunnen a hankali har ka ji ruwan yana motsi a ciki, ka sake shi ya girgiza kai, sannan ka naɗa auduga a yatsa ka goge iya inda yatsan ya kai. Kada ka cusa tsinke, ashana ko gashin kaza. Kada ka zuba kalanzir, manja ko man juyi. Gashin da ya toshe bakin ramin a rage shi da almakashi mai dakusasshen baki. Duk ranar da ya shiga ruwa, a goge masa kunne ya bushe kafin ya kwanta.

Idan ka ga yana yawan girgiza kai, yana soshe kunne da ƙafa yana kuka, ko ya karkatar da kai gefe ɗaya, ko wani baƙin abu mai wari yana fita, ciwo ya riga ya shiga, sai magani. Idan aka bar shi, girgizar kan fasa jijiya a fatar kunnen ta kumbura da jini, wannan kuma sai an yi masa aiki.

Daga ƙarshen damina zuwa kaka, babbar abokiyar gabarsa karangiya ce. Kare mai gajeren gashi zai ratsa gona ya fito da 'yan ƙwayoyi, wannan kuwa zai dawo kunnuwansa sun dunƙule, hammatarsa da tsakanin yatsunsa da gashin cinyarsa duk sun cika. Idan ta kwana sai ta tufke da gashin ta fara cin fata. Ka shafa ɗan man gyaɗa a dunƙulen, ka riƙe gindin gashin da yatsu biyu don kada ka ja fata, ka warware da matsefi daga baki zuwa ciki. Wanda ya ƙi warwaruwa ka sa matsefi tsakaninsa da fata sannan ka yanke a saman matsefin. Ka buɗa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, nan tsidau da ƙashin yawo ke maƙalewa, har ka ga kare yana ɗingishi ka zaci targaɗe ne. Kafin kaka ta shigo, rage masa gashin ƙafa, na ciki da na bayan kunne, aikin zai ragu da rabi.

A taje shi sau biyu ko uku a mako. Amma kada a yi masa ƙwal-kwabo da sunan zafi. Idan ya gaji gashi mai hawa biyu irin na karen kiwo, na saman yana kare fatarsa daga rana da cizon ƙuda, na ƙasan da ya mutu shi ake tajewa a fitar. Wanka sau ɗaya a wata ya isa, da sabulu mara ƙarfi, ban da omo.

Kaska kuma kullum ake dubawa, a kunne, wuya, tsakanin yatsu da gindin wutsiya. Kama ta dab da fata ka ja a miƙe, ka jefa a gwangwanin kalanzir, kada ka fasa ta da farce. Tana ɗauke da cutar da ke shanye jini: kare ya daina ci, jiki ya yi zafi, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Akwai maganin ɗigawa a ƙeya da na haɗiya da aka yi don karnuka. Maganin feshin gona, fiya-fiya da baƙin mai ba sa cikin lissafi, sun kashe karnuka fiye da yadda suka warkar. Da damina kuma, idan ka ga ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, musamman a jikin kwikwiyo, tsutsar ƙuda ce daga ƙasa mai danshi da fitsari. Toshe ramin da basilin, bayan ɗan lokaci ka matsa a hankali ta fito ɗungurungum, ka wanke wurin, ka kuma gyara makwancinsa.

Mataki na bakwai: bazara da hunturu

Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yakan haura digiri 40, kare kuma ba ya gumi a jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi. Fita da shi bayan asuba da kuma bayan la'asar sakaliya. Tsakanin hantsi da la'asar ya kwanta a inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasan. Ɗora bayan hannunka a kan yashi, idan ba ka iya jurewa shi ma tafin ƙafarsa ba zai jure ba. Idan haki ya yi tsanani, harshe ya yi jajir, miyau ya yi kauri, yana tangaɗi, maza a kai shi inuwa a kwarara masa ruwan randa a ciki, hammata da cinyoyi, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, sannan a nemi likita ko da ya farfaɗo.

Hunturu lokacinsa ne, babba ba ruwansa. Kwikwiyo da tsoho kawai za a kare wa iska da zana a ƙara musu buhu.

Mataki na takwas: tarbiyya

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsakanin mako 3 da mako 14 kwikwiyo ke yanke abin da zai ɗauka na gida da abin da zai ɗauka abin tsoro. A wannan tsakanin, a cikin gida, ya saba da yara, tsofaffi, mai rawani, mai lulluɓi, ƙarar babur da injin niƙa, awaki, kaji da jaki. Ka saba masa da taɓa kunne, baki da ƙafa tun yanzu, domin aikin da za ka yi masa ke nan har tsufansa.

Sa masa gajeren suna, kowa a gidan ya kira shi da shi. Kalma huɗu sun isa farko: zo, zauna, tsaya, bari. Minti biyar zuwa goma, sau biyu a rana, kafin cin abinci. Riƙe ɗan guntun ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a saman hancinsa ka ja baya kaɗan, zai zauna da kansa, kana cewa "zauna" ka ba shi nan take. Idan ka kira shi ya zo, ko ya daɗe kafin ya zo, yabo zai samu. Wanda ya kira kare ya doke shi ya koya masa kada ya sake amsa kira. Wannan iri ba ya ɗaukar duka sam, tsawa ɗaya mai ƙarfi takan sa ya saki fitsari ya kwanta. Murya mai kauri da kalmar "bari" sun ishe shi.

Maganar kaji da zabi ita ce za ta haɗa ka da maƙwabta idan ka yi sake. Sa masa igiya, ka zauna da shi inda kaji ke kiwo. Ya kalle su ya juyo gare ka, ba shi lada. Ya zabura, ka ce "bari" ka ja shi baya ku ƙara nisa. Kullum haka har ya daina kula su, kuma kafin nan kada a bar shi da 'yan tsaki ba kowa. Idan ya riga ya ɗanɗana kora sau biyu ko uku, gyaran yana da wuya ƙwarai. Yaran gida kuma a gaya musu idan ya biyo su yana kama dunduniya su tsaya cak, gudu da ihu ne ke zuga shi.

Da awaki ma a igiya zai fara, yana bin ka a baya idan za a kai su kiwo da dawowa. Aikin kora na sosai sai ya kusa shekara, ƙashinsa ya yi ƙwari, ya kuma iya tsayawa da kalma ɗaya ko fito. Fara da tsofaffin tumaki masu natsuwa, ban da akuya mai jego, wadda tunkuyi ɗaya za ta yi masa ya tsani aikin. Masu shinkafa a kwarin Haɗeja za su iya sa shi taya yara korar tsuntsu a gefen gona, zai yi da murna, ko da yake ba kare ne zai tare garken jan-baki ba.

Yana bukatar motsi kamar awa ɗaya kullum, da abin da zai sa kansa aiki. Jefa masa tsumma da aka ƙulle ya ɗauko, ko ɓoye ta cikin kara ya nemo da hanci. Karen da aka ɗaure a turke dare da rana shi ne ke haushi ba dalili, ya tona rami, ya ci takalmi, daga baya ya fara cizo. Da dare a sake shi cikin gida idan akwai katanga, amma kada ya bi gari. Hancinsa yana kai shi ramuka da tarin kara inda kububuwa da gamsheƙa ke fakewa, don haka a share kewayen gida, kuma idan maciji ya feshe shi a ido a wanke da ruwa mai yawa nan da nan. Shinkafar ɓera a ajiye ta inda ba zai kai ba, mataccen ɓera kuma a binne.

Idan karya ce

Takan fara neman barbara tsakanin wata 6 da shekara, sannan kusan duk wata 6, kowane karo mako biyu zuwa uku. A kulle ta sosai, domin karnukan gari za su yi sansani a ƙofar gida. Ciki kwana 63 ne. Ƙaramar karya da ƙaton kare ya hau tana iya kasa haihuwa. Idan ba ka da inda za ka kai 'ya'yan, likita yana yin aikin tsayar da haihuwa, haka ma fiɗiyar namiji, amma da allurar barci a asibiti, ba irin ta bunsuru ba.

Ranar da ba a jira

Amai da zawon jini, ƙin abinci fiye da kwana guda, farin dasashi, kumburin ciki, farfaɗiya, saran maciji, ko naƙudar da ta wuce awa guda ana yunƙuri ba ɗa, duk waɗannan a kama hanya a ranar. Kare mai jin zafi yana cizon ko mai shi, sai a ɗaure masa baki da ƙyalle mai laushi a zagayo bayan kunne, in dai ba amai ko haki yake yi ba. A sa shi a kwando mai iska, wani ya riƙe a bayan babur, a tafi da sanyin safiya idan hali ya yi, da katinsa da kwalbar duk abin da ake zargin ya ci.

Idan halinsa ya juye farat ɗaya, yana cizon iska da itace, ko ya yi shiru muƙamuƙinsa ya saki miyau na zuba, kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan ciro ƙashi. A kulle shi a kira malamin dabbobi. Idan kuma ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, ko da yana da allura, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya ƙona gashin kare ana shafawa. Shi karen a tsare shi kwana 10 ana ba shi ci da sha ana lura da shi, a kai wa ma'aikatan asibiti katin allurarsa, a kuma sanar da mai unguwa.